Awa Bakwai da Minti Arba'in

Ni mahaifinku na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, ƙafafu ne kawai suka ƙi ni. Kada wani ya ce ruɗin tsufa ne.

Na ɗaya. Gida naku ne ku uku, a raba yadda ya dace. Keken ɗinkin mahaifiyarku na Auta ne, don ita ta yi jinyarta. Malam, kai da ita ku bar gaba a kan ɗakin bakin ƙofa, ɗakin ma yoyo yake yi.

Na biyu, maganar yayanku Injiniya. Shekara talatin da ɗaya na yi ina auna kayan fasinja a filin jirgi, ina liƙa wa akwatuna takarda. Birnin da yake zaune na san nisansa kamar yunwar cikina: kilomita dubu shida da ɗari biyu, awa bakwai da minti arba'in, jirgi biyu a mako, Talata da Asabar. Mata masu saro takalma sukan tafi Talata su dawo Asabar. Har kejin aku na taɓa liƙa wa takarda zuwa can, kuma aku ya isa lafiya. Amma da uwarsa ta kwanta kwana arba'in da uku, sai ya ce mini a waya wai akwai nisa. Ni zai koya wa nisa?

Jirgi goma sha biyu ya sauka a kwanakin nan, na ƙirga. Duk ranar jirgi takan sa Auta ta ɗaura mata ɗankwali, ta juyar da ita ta fuskanci ƙofa. Abin nan har yau yana cin raina.

Na uku. Kwana biyu kafin ta cika ta bar masa saƙo, na rubuta daga bakinta, shafi biyu. Yana cikin ambulan a ƙasan akwatina. Shekara huɗu yana roƙona in karanta masa a waya, ina ƙi. Kada a karanta masa, kada a ɗauki hoto, kada a ba matafiyi. Ya zo da ƙafarsa, ya tsaya a ɗakinta, ya karɓa hannu da hannu. Ku ba shi kwana arba'in da uku daga ranar da na rasu. In suka wuce bai zo ba, Malam, ka ƙone takardar ka aika masa tokar. Ba za ta kai giram goma ba, ko sikeli ba zai motsa ba.

Allah ya yi muku albarka, ya raya zuriyarku. Ku riƙe juna, zumunci a ƙafa yake. Shi ma ɗan'uwanku ne: in ya sauka ku je ku tarbe shi, ku ɗaukar masa jaka, ku ba shi abinci. Amma kada tausayi ya sa ɗayanku ya ce masa na yafe. Ban yafe ba.