Mufida Ce Za Ta Karanta Miki

Rano, 29 ga Yuli

Zuwa ga mahaifiyata Inna Saude,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya ciwon gwiwa, yaya damina a Nariya? Mu nan sai godiya.

Inna, na san za ki yi mamaki, ga waya a hannunki amma na aiko takarda. Dabara ce na ƙirƙiro da kaina, ba wanda ya koya mini! Bara Mufida ta zo miki dogon hutu tana ta biyu a ajinsu. Ta yi sati shida tana kiwon awaki da cin ɗanyar masara, ta dawo ta zama ta goma sha tara. Malama Juwairiyya, malamar ajinsu, ta ce hutu ne ya cinye karatun. Ta kuma ce bana za ta gwada su ranar komawa, wanda ya yi tuntuɓe ba za a sa shi cikin masu jarrabawar shiga sakandare ba.

Ni da na fara walda da guduma ɗaya, yau ƙofofina har Kibiya ake sa su, a ce 'yata ta zauna? Ina!

Saboda haka, tunda bana ma tana hutu a wurinki, na daina kiran waya. Duk ranar kasuwa Mahdi direba zai kawo wasiƙa, Mufida ta karanta miki, ki faɗi amsa ta rubuta. Ke mai karantawa, ɗaga murya, kakarki ba ta jin raɗa.

Ɗanki,
Uzairu Mai Walda

Rano, 19 ga Agusta

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan geron ya fara kai. A gaida jikarki.

Amsarku ta uku ta iso, shafi biyu cif! Ta farko layi huɗu ce kamar kaji sun yi tono, wannan kuwa rubutu ya miƙe. Murna ta sa ban tsaya dubawa ba. Na kashe inji, na tara ma'aikatana da maƙwabtan shago, na hau benci na fara karanta musu da ƙarfi.

Labarin akuyar da ta haifi uku ya yi daɗi. Sai kawai na ji bakina yana faɗa wa jama'a cewa ni Uzairu na maimaita aji uku, don na dawo daga noman damina ban iya karanta ko sunana a allo ba, har na ɓuya a rumbu kwana biyu ina kuka. Kafin in ja birki magana ta fita. Inna, shekara talatin ba wanda ya san wannan a Rano! Yanzu in na wuce sai a ce ga Alhajin rumbu.

Na yi fushi ranar, ba zan ɓoye miki ba. Amma da na sake dubawa, yarinyar nan ta rubuta abin kunyata daga farko har ƙarshe ba ta tsallake kalma ba. Ki ci gaba da ba ta labarai, masu tsawo. In da hali dai a koma kan awaki.

Ɗanki,
Uzairu

Rano, 17 ga Satumba

Inna,

Assalamu alaikum, ina fatan kin wuni lafiya. Albishirinki!

An koma makaranta, an yi gwajin. Mufida ta karanta shafi guda ba tsayawa, sunanta ne na uku a takardar masu jarrabawa! Malama ta tambaye ta wane darasin hutu na biya mata, ta ce na kakarta ne, a gindin tsamiya. Iyaye biyu sun riga sun zo shago neman dabarar. Na ba su, har da labarin rumbun, tunda ya riga ya fita.

Sai da na kai nan na tuna mai karanta miki ta dawo Rano. To ba zan ba Mahdi wannan ba. Ranar Juma'a zan kawo ta da kaina, in zauna a gindin tsamiyar in karanta miki. In na yi tuntuɓe, don Allah kada jikarki ta ji.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Uzairu