Siririyar Wayar da Na Datse

Talata Mafara, ran Laraba.

Zuwa ga ɗiyata Zahra'u,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ya sanyin Japan, ya koyon aiki a masana'anta? Mu nan lafiya lau, innarki da ƙannenki suna gaishe ki.

Albishirinki! Yau motar lantarki ta kwana a garejina, kuma ƙirar ƙasar da kike ce. Wata ƙungiya ce ta ba ƙaramin asibitin da Malama Hannatu take ungozoma a wajen Faru, don ɗauko masu naƙuda, tunda kin san wahalar fetur a ƙauyukan Maradun. Sun kafa faranten sola da na'urar caji, sai kan wayar na'urar ya ƙi shiga bakin motar. Wata guda ke nan tana ajiye, kaji na kwana ƙarƙashinta. Yanzu ƙungiyar ta ce in Talata mai zuwa ta yi ba ta tashi ba, za a maida ta Gusau a ba wasu.

Hannatu ta sa aka jawo ta har nan, idonta jajur. Na ce mata shekara talatin ina kwance injin Japan ina ɗaurawa, in har Japan ta ƙera, Sadi zai tada. Na faɗa a gaban mutane kuwa. Da na buɗe gaba ban ga inda ake zuba baƙin mai ba, na gane ba irin wadda na saba ba ce, amma ban bari kowa ya lura ba. Cikin but ɗinta na samu tsohuwar wayar cajinta mai kan da ya dace. Gobe zan sa a ja motar mu koma Faru inda na'urar take, na san abin da zan yi.

Mahaifinki,
Sadi Makanike.

Talata Mafara, ran Asabar.

Zuwa ga Zahra'u,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga amsarki kan hoton wayar da na tura miki, kuma faɗan da kika yi mini na karɓa, don na ci.

To, ga gaskiyar abin da ya faru. Yadda muke yi wa fanka da rediyo in kai ya ƙi shiga soket, haka na yi. Na datse kan wayar na'urar, na datse na tsohuwar wayar, na murɗe manyan wayoyi uku da 'yan'uwansu, na naɗe tsaf. Akwai wata siririya kamar zaren ɗinki a tsakiya. Na ce wannan ai kwalliyar Turawa ce, na sa almakashi na gutsure ta har gindi. Muka soka, shiru. Zubairu direban asibiti ya tara matasa suka yi ta tura ta har bakin gona wai ko za ta kama, ni ma da bakina na ce a ƙara gudu. Allah ya sa ba ki gani ba.

Sai ga bayaninki, cewa ta wannan siririyar ce mota da na'ura suke gaisawa, kowace ta tambayi lafiyar 'yar'uwarta da abin da za ta iya ɗauka, kafin a saki wuta ko ƙyas. Wallahi na yi dariya har da hawaye. Ashe motar 'yar gida ce, ba a shigar mata babu sallama, ni kuma na yanke mata harshe!

Amma ɗayan zancen ya tsaya mini a rai. Kin ce manyan masana'antarku ba sa barci da daɗi, Sin ta sha gabansu a motar lantarki, kuma irin bakin cajin da Japan ta fito da shi duniya tana barinsa. Mu da muka tashi in an ce abu na Japan ne an gama magana! Na faɗa wa Dogara mai gyaran rediyo, ya ce ƙarya ne. Ki gaya wa tsohon injiniyan da yake koya miki, wanda ya zauna ya zana mana hoton wayoyin da hannunsa, cewa wani makanike a Mafara ya gode, kuma har gobe yana tare da su.

Dogara zai bi ni da dalmarsa ran Litinin. Abin da ya rage na siririyar bai kai farce ba. Ki taya mu da addu'a.

Mahaifinki,
Sadi.

Talata Mafara, ran Laraba.

Zuwa ga ɗiyata, injiniya Zahra'u,

Ina gaishe ki, ina ƙara gaishe ki.

Ran Litinin a Faru, sau huɗu dalma tana sakin siririyar wayar. Dogara ya cire tabarau ya goge ya mayar, ni ina riƙe da takardar da muka kwafi zanen tsohon injiniyan nan kada iska ta ɗauke. A na biyar ta kama. Muka kashe na'urar muka kunna kamar yadda kika ce, na yi bisimilla na soka. Sai muka ji ƙas, wata koriyar fitila ta fara ƙiftawa. Hannatu ta zauna daɓas a ƙasa tana cewa Allah na gode. Ni ko na rungume Dogara, mutumin da shekara ashirin muna musu.

Jiya Talata da hantsi wakilin ƙungiyar ya iso Faru da babbar motar ɗauka, don ba wanda ya samu layi ya sanar da shi. Ya tarar da wurin wayam. Ya hau ni da faɗa, ina motar? Na shimfiɗa masa tabarma. Ba a jima ba sai ga ta ta ɓullo ta hanyar Damaga, Zubairu yana ta danna ham. An ɗauko wata Ikilima, kwana biyu tana naƙuda, jini ya fara zuba. Wakilin nan da farar shaddarsa shi ya kama gefen tabarmar da muka shigar da ita ɗaki.

Kafin azahar ta sauka, mace, ita da jaririyar lafiya. Hannatu ta fito tana wanke hannu, ta ce da an ƙara awa biyu a gida, da wani zancen ake yi. Wakilin ya daɗe tsaye yana kallon jinin da ya ɓata hannun rigarsa. Daga nan ya ce wa direbansa su tafi, suka juya Gusau babu kaya.

Innarki tana gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki mai alfahari da ke,
Sadi.