Har Yanzu Suna Kira Na Fada

Zuwa ga Yaya Saratu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar maigida, kumburin ya sauka? Yaya sanyin Jos?

Tun da na ajiye rigar Fada aka ɗora ni a kan masu koyar da katikizim, wato darussan addini, da zumuntar maza a nan Dutse, na ɗauka hankalina zai kwanta.

Ranar Laraba aka zo ɗauka ta da babur daga wani ƙauye bayan Kiyawa, wai jikin Baba Ishaya, dattijon ikilisiyar can, ya yi tsanani, ga Fadanmu ya tafi Kano. Da na shiga sai ya riƙe hannuna ya ce, "Fada, ka saurari zunubaina." Na ce, "Baba, ai na sauka." Ya ce, "Ni ban sauke ka ba." Dokar ikilisiya ta yarda idan mutum yana bakin mutuwa, don haka na durƙusa na saurare shi, na furta masa gafarar Ubangiji. Kafin la'asar ya cika.

Yanzu mutanen ƙauyen sun nace in riƙa yi musu sujadar Mas, domin sai su yi wata ba su ga Fada ba. Na ce ba ni da izini. Matar marigayin ta ce, "To wa ya ba ka ranar Laraba?" Na yi mata bayani, amma ba ta gamsu ba. Komawa aikin Fada ba zan iya ba, hana su kuma yana ci mini rai.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaishe da Inna, amma kada ki ba ta wannan labari, don za ta sake sa rai zan mayar da rigar.

Ƙaninki,
Yohanna