Awon Ƙafar Akawu

Zuwa ga angona Mai Kanti,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ba ka cancanta ba, tun da wata uku ke nan ba ka leƙo mu ba. Ya aiki, ya manajan naku?

Kada ka ce me ya hana tsohuwa ta kira ka a waya. Kakanka ne. Yana nan daskare a kujerar falo daga safe har yamma, kunnensa kuwa ko allura ta faɗi sai ya tambayi ta waye. Shi ya sa na rubuta, na ba direban da ke bi ta gaban kantinku.

Ka san wata takwas ke nan da ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu. Likita ya ce ƙashi ya haɗe sarai, ya tashi ya yi tafiya. Ya ƙi. Daga gado zuwa kujera sai an kira mai walda na maƙwabta ya ciccibe shi. In na yi magana sai ya ce ƙafarsa ta kumbura, takalmansa duk sun yi masa kaɗan, shi kuma mutumin da ya yi shekara talatin yana akawu a kotu ba zai taka titi da silifas ba.

To, na ji. Akwai wani baƙin takalmi da ka sa ranar da ka zo, mai rufe idon sawu, mai zif a gefe. Na ga yadda Akawu ya bi shi da kallo har ka fita. Ka ce kantinku kaɗai ake yi wa shi. Irinsa nake so. Kuɗin na cikin ambulan, na sayar da kajina huɗu, kada ka sa mini baki.

Ga awo nan a takarda. Na lallaɓa yana barcin rana, na manna takardar a tafin ƙafarsa na zagaya da fensir. Ya motsa sau biyu, na ce ƙuda nake kore masa.

Ka gaida abokan aikinka. Allah ya yi maka albarka.

Kakarka.

*

Zuwa ga Kaka,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, kuma na karɓi laifina. Ina fata kuna lafiya ke da Baba Tsoho.

Na ɗora awon a kan ma'auninmu, ya ba ni lamba arba'in da uku. Ga shi nan a kwali. Kin yi sa'a, domin sau ɗaya a shekara masu ɗinkin ke kawo mana shi, kuma saura ƙafa biyar kacal a kantin. Babu inda za ki same shi in ba wurinmu ba.

Abu ɗaya nake roƙo. A gwada shi a kan darduma ko tabarma, kada ƙasansa ya taɓa siminti. In ya goge ko kaɗan, manaja ba zai karɓi canji ba.

Sauran kuɗinki na cikin takalmin hagu. A gaida Baba Tsoho.

Jikanki.

*

Zuwa ga Mai Kanti da bai san ƙafa ba,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, sai dai takalminka ya dawo maka.

Da na ajiye wa kakanka kwalin a cinya, ya yi kamar bai gani ba. Na shiga kicin na leƙo ta labule. Sai ga mutumin naka ya ɗaga takalmin yana shinshina fatar, ya zuge zif, ya mayar, ya zuge, ya mayar, kamar yaron da aka saya wa jaka. Da na fito ya ture kwalin ya ce, "Wa ya sa ki wannan ɓarnar?"

Na durƙusa na sa masa. Na hagu ya shiga da ƙyar. Na dama kuwa, yatsu suka shiga, dunduniya ta ce ba da ita ba. Na tura, na ja, har gumi ya keto mini. Ka ga fuskarsa kuwa? Murna! Wallahi murna ya yi. Ya ce, "Kin gani ko? Na gaya miki ƙafar nan ta gama aiki."

Na ce ƙafa ba ta gama aiki ba, jikanka ne bai iya nasa ba.

Kada ka damu da ƙasan takalmin. Mutumin da ba ya taka ƙasa ina zai goge shi? Ka aiko da wanda ya fi wannan girma.

Kakarka, wadda bayanta ke ciwo saboda kai.

*

Zuwa ga Kaka,

Bayan gaisuwa, Allah ya sauwaƙe ciwon baya. Amma ba laifina ba ne, amarya, laifin awonki ne. Da na lura kin ce a kwance kika auna shi, da ban aiko ba.

Ƙafar da ke kwance ba ita ce ƙafar da ke tsaye ba. In mutum ya miƙe, nauyinsa ya sauka, tafin kan baje, ya ƙara tsawo da faɗi. Sai ya tsaya a kan takarda, ƙafa biyu a ƙasa, da safar da zai riƙa sawa, da la'asar lokacin da ƙafa ta fi cika. A zagaya kowace ƙafa daban, fensir a tsaye.

Ba zan yi canke ba, domin sau ɗaya ake canji a nan. Saura arba'in da huɗu guda, arba'in da biyar guda. Na roƙi manaja ya ɓoye mini su a sito har ranar Asabar ta sama. Bayan nan za su koma kan kanta, kuma ba za su kwana biyu ba.

Na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne.

Jikanki.

*

Zuwa ga jikana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na rubuto maka ne a kan batun takalmi, kuma ina so maganar ta tsaya tsakanina da kai.

Na ga wasiƙar da ka aiko. Ka sanar da kakarka cewa an sayar da sauran. Ka mayar mata da kuɗinta ta sake sayen kaji.

Tun da kai ba yaro ba ne, zan gaya maka dalili. Ba kumburi ne ya zaunar da ni ba. Ranar da na faɗi, ba kowa a gidan sai ni da ita. Na ce ta je ta kira mutane. Ta ƙi. Ta sa hannu a hammatata za ta ɗaga ni, ni da na ninka ta biyu. Ta ɗaga, muka koma tare, kanta ya bugi bakin famfo. Ta ce maku ƙofar kabad ce ta fasa mata goshi. Ina kwance ina kallon jini yana bin fuskarta, ban iya miƙa mata ko tsumma ba.

Faɗuwa ba ta ba ni tsoro. Na san in na sake faɗuwa za ta sake gwadawa, domin ba ta jin magana, ba ta taɓa ji ba. A kujera kuwa ba wanda zan ja ƙasa.

Takalmin yana da kyau. Ɗinkinsa na masu sanin aiki ne. Ka sayar wa mai tafiya.

Allah ya yi maka jagora.

Kakanka.

*

Zuwa ga angona,

Gaisuwa mai yawa. Kafin ka fara shirya mini ƙarya, ka sani na karanta wasiƙar da ke cikin ambulan ɗin nan. Mutum ya shekara talatin a kotu, ya rubuta takardar sirri, sannan ya miƙa wa wadda ake ɓoye wa ya ce ta kai wa direba. Da yawu ya liƙe ta. Tururin buta kawai na nuna mata.

Ba zan ce maka ban zauna a kicin na ɗan jima ba. Albasa nake yankawa, kada ka tambaye ni.

Washegari na kira mai walda. Ya kafa ƙarfe a bangon falo daga kujera har ƙofa, wani a banɗaki. Da ya gama na tsayar da shi shaida, na tsaya a gaban kakanka na ce, "Akawu, ka saurara. In ka faɗi, wallahi ba zan taɓa ka ba. Zan tsallake ka in je in kira wannan bawan Allah. In ba ya nan, in kawo maka matashi da rediyo ka jira shi a ƙasa."

Ya dube ni, ya dubi goshina. Ya ce, "Kin buɗe mini wasiƙa."

Na ce, "Na buɗe."

Ya ce, "Laifi ne babba a doka."

Na ce, "To tashi ka kai ni ƙara."

Mai walda ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Akawu bai yi dariya ba. Ya ce in sake rantsewa, na sake. Ya ce in koma bakin ƙofa in tsaya, hannuwana a baya. Na koma. Ya ce mai walda ma ya matsa. Sannan ya kama ƙarfen nan da hannu biyu. Ɗan nan, gwiwoyinsa rawa suke yi kamar na ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Ƙafata ta so ta tafi wurinsa, na danne ta da ɗayar. Ya miƙe. Na manta tsawonsa, har na ce a raina ashe dogo na aura.

Sai da ya daidaita ya ce, "Kawo takardar."

Za ka ga takardu huɗu maimakon biyu. Ta farko na ce ta goce. Ta biyu na ce bakin fensir ya karye, na tafi neman reza a nitse, na dawo a nitse. Yana tsaye yana zagina da manyan kalmomin kotu. Da na gama ta huɗu ya ce, "Ke dai ba ki da tsoron Allah." Mai walda ya duba agogo ya ce minti tara ke nan Akawu yana tsaye.

Ka zaɓi wadda ta fi kyau a ciki. Ƙafar dama ta fi ta hagu girma, ka bi ta daman, a cusa wa takalmin hagu wani abu. Asabar jibi ce, kada ka tsaya surutu da 'yan mata a kanti.

Na haɗo maka da wasiƙarsa ka karanta, amma umarnin da ke ciki an soke shi.

Kakarka.

*

Zuwa ga jikana,

Bayan gaisuwa. Takalmi lamba arba'in da biyar ya iso ranar Litinin. Ya zauna daidai.

Ina da ƙorafi guda. Na hagu yana ƙara idan an taka, kiiƙ, kiiƙ. A kan darduma ba a ji, amma daga ƙofar gida zuwa shagon mai aski kowa sai da ya juyo. Kakarka ta ce ba takalmin suke kallo ba. Ba na karɓar shaidarta, domin tana can baya da nisan taku goma, kamar yadda aka yi yarjejeniya.

Ka aiko da man gogewa, baƙi, da buroshi mai laushi. Titin namu ya lalace fiye da yadda na bar shi.

Kakanka.