Rasuwar Malam Abdulganiyu Ƙofa, Mai Ƙasar da Babu Ita a Taswira

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Tsofaffin 'Yan Majalisar "Da A Ce", wadda ta haɗa ɗaliban marigayi na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ta samu labarin rasuwar malaminta kuma uban ƙungiya, Alhaji Malam Abdulganiyu Balarabe Ƙofa, tsohon malamin tarihi a makarantun sakandaren wannan shiyya, wanda Allah Ya karɓi rayuwarsa ranar Talatar da ta gabata a gidansa da ke Ƙofa, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Rashin ya girgiza mu ƙwarai, musamman da ya zo ana gab da zaman sulhun burtali da mashayar Tsamiya Biyu a ƙasar Doguwa, zaman da manoma da makiyaya ba su amince da shi ba sai da aka tabbatar musu cewa Malam ne zai shugabance shi.

Marigayi ya shafe fiye da shekara talatin da alli a hannu, ya koyar a Kiru, ya koyar a Tudun Wada, aka tura shi Doguwa a zamanin da malamai ke ɗaukar turawa can tamkar horo, shi kuwa ya ɗaure littattafansa a bayan babur ya tafi, bai ko nemi a sauya masa ba. Ba shi da duka, amma yana da baki. Duk ɗalibin da Malam ya kalla ta saman tabarau ya tambaye shi ko ya baro kansa a gida ne, to ya gwammace bulala.

Abin da jama'a suka fi saninsa da shi kuwa shi ne wata ƙasa da ya ƙirƙira da kansa, wadda ba ta taɓa wanzuwa ba kuma bai taɓa cewa ta wanzu ba. Da ya ga ɗalibai na gyangyaɗi idan ana karanta yaƙe-yaƙen Turai, sai ya tambaye mu: da a ce masu harshen Holanci da Jamusanci da Faransanci, maimakon su yi ta zubar da jinin juna, sun haɗu sun kafa tarayya ɗaya, kowace jiha da harshenta da dokarta, yaya za su raba ruwan kogin da ya ratsa su? Ya raɗa mata suna Tarayyar Bakin Kogi, ya kasa ajinmu gida uku, ya kafa majalisa a gindin darbejiya duk ranar Alhamis bayan an tashi. Jamusawa suna sama inda ruwa ke gangarowa, Faransawa suna tsakiya da gonakinsu, 'yan Holan suna can ƙasa da shanunsu suna jiran abin da aka rage musu. Mun sha rigima a kan kogin da ba mu taɓa gani ba, har ta kai wasu sun daina gaisawa a masallaci.

Ba kowa ya fahimci abin ba da farko. Akwai dattijon da ya tako tun daga ruga ya zo makaranta da sandarsa, yana neman a yi masa bayanin dalilin da ya sa 'yarsa Salamatu ta koma gida tana cewa ita Bafaranshiya ce, tana kuma kare haƙƙin manoma a gaban garken ubanta. Wani kuma ya aiko a tambaya masa ko akwai ciyawa a wannan ƙasa, da kwana nawa ake yi a hanya. Malam ya yi dariya har da hawaye, sannan ya shimfiɗa wa dattijon tabarma ya zaunar da shi ya saurari majalisa, kuma daga ranar dattijon bai sake zuwa da ƙorafi ba, sai dai da ƙwaryar nono.

Da gangan Malam yake yin wannan rabo. Ɗan makiyayi sai ya ba shi jihar manoma, ɗan manomi ya ba shi jihar masu shanu, kuma dokar majalisa ita ce ba ka da bakin kare gidanku, sai gidan da aka ba ka. Mu a lokacin wasa muka ɗauke shi. Sai da muka girma, wannan ya gaji gona, wancan ya gaji garke, muka gane cewa Malam bai damu da Turai ko kaɗan ba, mu yake nufi.

Jama'a sun san halin da ake ciki a Tsamiya Biyu. Gonaki sun ci burtali, shanu sun ci gonaki, bara Allah ne kaɗai Ya kiyaye ba a rasa rai ba, kuma idan ba a shata hanya kafin ruwan shuka ya sauka garkuna su dawo daga kudu ba, to bana babu wanda ya san inda abin zai tsaya. Malam ya yi ta zirga-zirga tsakanin ruga da gari da ciwon ƙafarsa har aka tsayar da rana. Shi ya sa tun ba a dawo daga maƙabarta ba aka fara raɗe-raɗin cewa zama ya rushe, kuma ba za mu ɓoye ba, mu kanmu mun ɗauka haka ne.

Ƙungiya tana sanar da jama'a cewa wannan magana ba gaskiya ba ce. A wurin zaman makoki, a gaban iyalan marigayi da dattawan gari, Ardo Hamman na Tsamiya Biyu ya nemi izini ya bayyana cewa makiyaya sun zaɓi Malam Mujitaba, tsohon ɗalibin marigayi da ya taɓa kare 'yan Holan a majalisa, manomi ɗan manomi wanda gonarsa ma tana bakin burtalin, ya yi magana da yawunsu ranar zama. Wakilan manoma suka keɓe suka yi shawara, suka dawo suka ce su kuma sun ba Malama Salamatu, Bafaranshiyar nan 'yar ruga wadda yanzu take koyarwa a Doguwa, amanar tasu maganar. Da aka tambayi wanda zai shugabanci zaman a madadin marigayi, Ardo ya amsa da kalmomin da muka ga ya dace mu kawo su yadda ya faɗe su: "Idan har sai an sa wani a tsakaninmu kafin mu zauna, to Malam ya yi wahalar banza. Mu zauna kawai."

Saboda haka zama yana nan a ranarsa, Asabar mai zuwa da hantsi, a bakin mashayar, ba tare da shugaba ba.

A madadin shugaban ƙungiya da dattawanta da dukkan mambobinta, muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidan marigayi, Hajiya Kande, da 'ya'yansa, Lubabatu da Abdulbasit da ƙannensu, da masu girma hakimai da dagatai da limamai da ardo-ardon wannan shiyya, da ɗaukacin al'ummar Ƙofa. Allah Ya jiƙan Malam, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Allah Ya ba iyalansa haƙurin jure wannan babban rashi, Ya albarkaci bayansa. Mu kuma Allah Ya ba mu ikon tashi daga bakin mashayar nan da hanya shatacciya kafin ruwa ya sauka, idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani, amin.

Muzammil Hafizu Tudun Wada
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Tsofaffin 'Yan Majalisar "Da A Ce"