Ana Cire Mini Kuɗin Fansho, Amma Ba Sa Isa Asusuna

Don Allah 'yar'uwa ki taimaka mini da shawara, na rasa wanda zan gaya wa.

Shekarata goma sha tara ina ɗinkin kayan makaranta a wani kamfani. Kekena yana bakin taga, kuma in ina taka shi hankalina ba ya ɗakin. Yana can wani gida da ban gina ba tukuna: ɗaki biyu, baranda, bishiyar gwaba, ga tattabaru suna sauka kusa da ƙafata. Har labule na zaɓa, shuɗi mai haske. Maigidana dariya yake mini, wai na tare na bar shi a gidan haya. Da kuɗin fansho na yi niyyar ginawa, saura shekara huɗu in ajiye aiki.

Makon jiya na je ofishin fansho, don kawai in ga abin da ya taru in ji daɗi. Ma'aikaciyar ta daɗe tana kallon kwamfuta, sannan ta ce yau wata ashirin da shida kamfaninmu bai zuba ko sisi ba. Harajin da ake cire mini ma ta ce in bincika. Alhali kowane wata takardar albashina tana nuna an cire.

Mai kamfanin ba mugu ba ne. Shi ya biya da aka yi wa maigidana aikin ido. Na san ciniki ya ja baya, na ga har motarsa ya sayar. Ban gaya wa abokan aikina ba. Jiya sau biyu ina ɗinke hannun riga a baibai. In yi shiru ne?

Mai keken bakin taga

'Yar'uwa, kada ki yi shiru. Alherin da mai kamfanin ya yi miki ki riƙe shi, amma abin da aka cire daga albashinki ba nasa ba ne, amana aka ba shi ya kai.

Ki karɓo bayanin asusunki a rubuce, ki haɗa da takardun albashin. Ki sanar da abokan aikinki, su ma haƙƙinsu ne. Ku zaɓi mutum biyu su same shi cikin mutunci, ya sa hannu kan yadda zai biya, ko da kaɗan-kaɗan ne, da ranar farawa. Fara zuwa wurinsa kafin hukuma, shi ne ramuwar alherinsa. In ranar ta wuce bai motsa ba, ku kai ƙara hukumar fansho da ta haraji. Kada ku ja lokaci, in kamfanin ya rufe karɓa za ta yi wuya.

Allah ya buɗa masa ya biya, ke kuma ya sa ki ci guminki da lafiyarki.