An ba ni agogo in auna yayan matata

Kawu, don Allah ka agaza mini da shawara. Kaina ya ƙulle, kuma a inda nake, duk wanda na gaya wa, maganar za ta riga ni isa gida.

Na daɗe a ƙasar mutane. Yayan matata ne ya kawo ni, ya shimfiɗa mini katifa a falonsa, ya kai ni masana'antar da yake aiki, inda muke haɗa ƙofofin katako. Na shaƙi garin katako har ƙirjina ya fara kuka. Da na gaji sai na shiga karatun ƙiyasi a ranakun hutu, wato yadda ake lissafa katako, gam, wuta da lokacin ma'aikaci kafin a yanka wa mai saye farashi. Bana aka hau da ni ofis a kan gwaji. Ba zan ɓoye maka ba, ina son kujerar nan, da gumina na same ta.

To, ana neman wata babbar kwangila. Manaja ya miƙo mini agogo, ya ce in sauka in auna lokacin da ƙofa ɗaya ke ci. Amma duk abin da na rubuta, da shi za a riƙa bin kowa gobe. Ma'aikata sun san haka, shi ya sa da sun hango mai agogo sai kowa ya zama hawainiya. Wani na neman guduma alhali tana hannunsa, wani na goge abin da ya riga ya goge. Ba na ganin laifinsu, wanda aka taɓa matsa wa ya san zafin matsi.

Sai dai nawar Yaya ba ta wasa ba ce. Kafaɗarsa ta lalace, yana ɓoyewa, sauran kuma suna rage hannu don su rufa masa asiri. In na rubuta ainihin saurinsu, Yaya ba zai iya bi ba, kuma nan ba a riƙe mutum don tausayi. In na rubuta nawar da suka nuna mini, farashi ya hau, kwangila ta suɓuce, manaja kuwa ba yaro ba ne, zai gane, in koma ƙasa da kunya.

Yanzu sunana Mai Agogo. Wani har ya tambaye ni ko ya nemi izini kafin ya yi atishawa, kada ta ɓata mini lissafi. Su ne fa suka yi mini dariya lokacin da nake ɗaukar littafi, yau kuma wai na manta asalina. Yaya bai zage ni ba, ranka ya daɗe kawai ya fara ce mini, gara da ya mare ni. Matata tana alfahari da ofis ɗin, da bakin nan kuma take tuna mini cewa Yaya ne ubanta a nan. Ƙarshen makon nan ake jiran ƙiyasin. Wa zan yanka, Kawu?

Mai Agogo

Ɗana, sannu da ɗawainiya. Ajiye wuƙar, ba yanka aka ba ka ba.

Manaja na da gaskiyarsa: ƙiyasin da aka kumbura a ɓoye yana kore ciniki, in ciniki ya tafi kuwa, har da Yaya za a sallama. Ma'aikata ma na da tasu, domin saurin da ƙato zai yi da sassafe ba shi ne na mutum bayan azahar ba. Ka rubuta wancan, ka zalunce su, ka kuma yaudari kamfanin, don ba za a cika alkawarin ba.

Saboda haka bar tsayawa a kan mutum ɗaya. Duba ƙofofin da sashen su Yaya ya saba fitarwa a yini lokacin da ba mai kallonsu, ka gwada da abin da agogo ya ba ka. Hutu, tsayawar inji da katakon da ke lalacewa, ka sa su a fili, kowanne da dalilinsa, yadda za ka iya kare su ido da ido. Kada sunan kowa ya shiga. Abin da ka sani daga ƙasa, shi ne jarinka a sama.

Amma kada in ruɗe ka: ko ƙiyasin adalci zai iya fin ƙarfin Yaya. Kafaɗa ba ta warkewa da lissafi. Je ka same shi a gidansa kafin ka miƙa takardar, ba a bakin inji ba. Ka zauna ƙasa kamar yadda ƙani ke yi, ka gaya masa abin da za ka rubuta. Roƙe shi ya ga likita, ka nemi yardarsa ka yi masa maganar komawa sashen duba ingancin kaya, inda ido ya fi hannu aiki. Kada ka kai maganar ciwonsa gaba sai da izininsa. Mai yiwuwa ya yi fushi. Fushin wanda aka gaya wa gaskiya a ɗakinsa yana hucewa, na wanda ya tsince ta a bakin manaja kuwa har jikoki.

Matarka ma ka sanar da ita yau, ta ji daga bakinka.

Allah ya tabbatar maka da kujerar, ya ba Yaya lafiya, ya bar zumunci.

Kawu